Mai neman hedifon mai bes da kuɗi kaɗan, soson kunnen za ka fara dubawa

Yau maganar hedifon nake so mu yi, irin babban nan da ke rufe kunne ruf, ban da iyafis ɗin da ake cusawa ciki. Na san akwai wanda zai ce ana ta shinkafa da kuɗin mota, wa yake ta wani hedifon? To ai tsadar ce ma ta kawo maganar. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 750 a hannun 'yan canji, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Kayan nan kuma daga waje ake shigo da su, yawanci daga China. Ke nan abin dala 30 da ɗan kasuwa ke ɗaukowa a kan 22,500 ya koma masa 45,000, tun bai sa kuɗin dako da na kwastan da ribarsa ba. Da can in ka sayi abu ya mutu bayan wata biyu, tsaki kawai za ka yi ka sake wani. Yanzu kuwa sayen banza guda ɗaya ya isa ya cinye maka cefanen sati.

Kuma ba 'yan gayu kaɗai ke nemansa ba. Akwai ɗalibin da ke ɗaki ɗaya da mutum shida yana son ya saurari lakca, akwai yaran da ke yanka bidiyo da haɗa sauti a ƙananan situdiyo, akwai mai aiki ta intanet da ke shiga mitin janaretan maƙwabci na ruri a bayan tagarsa, akwai maigidan da ke son kallon ƙwallon dare bai tashi yara ba. Duk cikinsu abu uku suke faɗa: ya yi bes, kar ya dame ni a kai, kar ya yi tsada. Ni kuma a ganina mafi yawanmu inda bai dace ba muke kallo. Muna kallon kwali da suna da ƙara, alhali bes ɗin da daɗin sakawar da lafiyar kunnen duk wuri ɗaya suke haɗuwa, wato soson nan da ke zagaye kunne.

Ku duba yadda ake ciniki a Farm Centre ko Beirut Road a Kano, ko Banex a Abuja. Ka ce kana son mai bes. Yaron shago ya ɗauko, ya haɗa da wayarsa, ya sa amapiano, ya ƙure murya, ya ɗora maka a kai. Ka ji ƙwaƙwalwarka na rawa, ka gyaɗa kai ka ce kai, wannan yana duka! Daƙiƙa 30 an gama ciniki. Ban ce yaron ya cuce ka ba, shi ma haka ya taso ya ga ana gwadawa. Sai dai babu hedifon da zai faɗi irin wannan jarrabawar. Dalilin yana cikin halittar kunnenmu. Tun 1933 wasu masu bincike biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka auna suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin sauti mai kauri sosai idan murya tana ƙasa, sai an ɗaga ƙara sannan kaurin ke tasowa ya kamo sauran. Shi ya sa ko 'yar rediyon mai shayi ka ƙure sai ka ji kamar da abin kirki a ciki. In kana son gaskiyar hedifon, rage muryar zuwa rabi ko ƙasa da haka. In bes ɗin yana nan, ganga tana sauka da nauyinta, to akwai shi. In ya gudu ya bar ka da ƙarar gwangwani, dama can ƙara ce ta ruɗe ka.

Rubuce-rubucen jikin kwali kuwa ku daina ɓata lokaci a kansu. Kusan kowane kwali za ka ga an rubuta 20Hz zuwa 20kHz. Wannan iyakar abin da kunnen matashi mai lafiya ke iya ji ne, kuma na dubu biyar da na dubu ɗari biyar duk haka suke rubutawa. Bai gaya maka ko ƙasan yana fita da ƙarfi ko da ƙyar ba. Waɗanda suka kai shekarunmu sun tuna rediyon kaset da ake manna wa 5000W PMPO a goshi, abin da batir shida ke tayarwa. Girman sifikar ciki ma haka, a ce maka 50mm ce don haka ta fi 40mm. Sony MDR-7506 sifikarsa 40mm ce, kuma tun 1991 ake aiki da shi a gidajen rediyo da situdiyon duniya har yau.

To ina bes yake? Duk mai hedifon a kusa ya gwada wannan yanzu. Sa waƙa, ka danna kofunan biyu a kunnenka da tafin hannu. Za ka ji kaurin ya ƙaru. Yanzu sa yatsa ka ɗan ɗaga gefe ɗaya, kaɗan kawai. Za ka ji ya zube kamar an zare masa laka. Sauti mai kauri iska ce mai yawa ake turawa a hankali, sifikar cikin hedifon kuma 'yar ƙarama ce, ba ta da ƙarfin da za ta motsa iskar ɗaki. Abin da take iyawa shi ne ta matsa 'yar iskar da aka kulle tsakaninta da kunnenka. Kamar zugazugin maƙeri ne, in fatar ta huje ko ka yini kana zuga wutar ba za ta tashi ba. Soson shi ne fatar.

A nan ne namu ya bambanta da na masu bidiyon gwajin kaya a YouTube, don su kai babu komai suke gwadawa. Mu kuwa namiji yana da hula a kai, wani da tabarau. Hular tana ɗaga madaurin saman, kofunan su kasa sauka daidai kunne. Ƙafar tabarau tana buɗe 'yar kafa a gefen soso, bes ya bi ta nan ya fice, ga ciwon da take sa wa a bayan kunne in an jima. Ke kuma 'yar'uwa da za ki ɗora shi a kan hijabi ko ɗankwali, ko kina da kitso mai tudu, hedifon ɗin da ya yi wa yayanki duka zai iya zame miki fanko. Don haka a gwada shi a yadda za a riƙa sa shi. Mai tabarau ya nemi soso mai kauri da taushi wanda zai lotsa ya rungume ƙafar tabarau ɗin. Mai hula ya ja madaurin ya ga ko yana da sauran tsawo.

Sannan a lura, ba kowane babba ne mai rufe kunne ba. Akwai wanda ke zama a kan kunne yana danne shi, akwai wanda kunnen ke shigewa cikinsa gaba ɗaya. A hoto kusan iri ɗaya suke, musamman ga mai oda ta intanet. JBL Tune 510BT da Sony WH-CH520 a kan kunne suke zama. JBL Tune 720BT da Sony WH-CH720N su ne masu zagaye kunne. Na farkon sun fi araha, amma bayan awa ɗaya kunne ya fara zafi. Ko a cikin masu zagayewar ma wasu ramin ƙarami ne, mai manyan kunnuwa sai ya ji suna naɗewa. Akwai kuma masu raga a bayan kofi, waɗanda iska ke ratsawa. Masana sauti na son su, amma mai neman bes a gida mai hayaniya ya bar su, don na kusa da kai zai ji abin da kake ji, kai ma za ka ji nasa.

Yanzu ga inda abin ya wuce maganar kuɗi. Idan soso bai toshe ba, bes ya ragu kuma hayaniyar waje ta shigo. Me mutum zai yi? Ya ƙara murya. Ita kuma murya in ka ƙara ta, ba bes kaɗai ke tashi ba, har da tsakiya da sama, masu kaifin nan da ke tsaga kunne. A cikin kunnenmu akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, su ne ke mayar da girgizar sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. In ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa, babu allura babu ƙwaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a sati. Masu kula da lafiyar ma'aikata kuma suna da lissafi mai sauƙin riƙewa: desibel 85 awa 8 a rana, duk ƙarin desibel 3 kuma lokacin ya ragu da rabi. Wato 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, kafin ka kai 100 saura minti 15. Waya da hedifon in an ƙure su suna iya haura 100 ɗin nan. Yaro kuma ya sa shi tun daga Kabuga har Hotoro a adaidaita sahu, ya dawo da shi a haka.

Abin da ya sa ba ma ɗaukarsa da muhimmanci shi ne ba ya ciwo, kuma ba rana ɗaya yake zuwa ba. Yana farawa da kukan nan kamar na gyare da za ka ji in ka cire hedifon dare ya yi tsit. Daga nan sai ka ga a majalisa kana jin ana magana amma kana yawan cewa "na'am? me ka ce?" Wayarka ma tana faɗa maka, tana fito da gargaɗi in ka haye wani mataki, mu kuma mu danna mata eh mu wuce. Shawarar da likitoci ke bayarwa ita ce kar a wuce kashi 60 cikin 100 na muryar, kuma a riƙa hutar da kunne. Wanda kukan nan ya riga ya zauna masa ya je a auna jinsa, manyan asibitocin koyarwa suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, ga kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Iyaye masu saya wa yara su yi karatun allon waya, nasu ma'aunin ya fi namu ƙasa, desibel 75 ne. Shi ya sa nake cewa hedifon mai toshewa da kyau, ko da ya fi da dubu biyar ko goma, ya fi araha, don shi ne zai ba ka bes ɗinka a rabin murya.

Kar wani ya ɗauka ina kushe son bes. Ba ƙauyanci ba ne. Kamfanin Harman, mai JBL da AKG, wanda Samsung ya saya a 2017, ya shafe shekaru yana sa mutane sauraro ba su san wane hedifon ne a kansu ba, a ƙarƙashin wani mai bincike Sean Olive. Abin da suka samu shi ne mafi yawan mutane sun fi son a ɗan ƙara kauri a can ƙasa. Amma bes iri biyu ne. Akwai mai sauka ya tashi, dum, ya ba wa na bayansa wuri. Akwai kuma mai buuu, wanda ke malala ya rufe muryar mawaƙi kamar an sa shi cikin randa. Na biyun shi ne cike da kasuwa, don shi ya fi sauƙin ƙerawa kuma shi ke burge mutum a daƙiƙa 30 na farko. Hanyar raba su mai sauƙi ce. Ka je da abin saurarenka a wayarka, kar ka dogara da na mai shago. Sa Shata ka ji ko kana rarrabe kalangu ɗaya da ɗaya ko sun dunƙule. Sa labaran BBC Hausa ka ji ko muryar mai karatu tana fita tas, kana bambance ƙ da k, ko kuwa kamar yana magana da tuwo a baki. Bayan nan sai ka sa amapianonka. Wanda kuma girgizar kai yake so da gaske, akwai irin su Skullcandy Crusher da aka sa wa abin girgiza na daban da maɓallin ƙarawa da ragewa, sai dai wannan ya bar layin masu ƙaramin ƙarfi.

Wani abin da zai sauƙaƙa maka zaɓi: bes ana iya ƙara shi daga baya, daɗin sakawa ba a iyawa. Wayoyi da yawa da manhajojin kiɗa suna da ikwalaiza, ka ɗan ɗaga ƙasan ka ji ya cika. Amma babu manhajar da za ta rage wa hedifon nauyi ko ta hana shi matse maka kai. In aka ba ka biyu, ɗaya bes ɗinsa ya fi amma yana matsa, ɗaya bes ɗinsa daidai amma ka manta yana kanka, ɗauki na biyu.

Nauyi ma abin dubawa ne. AirPods Max na Apple, da duk tsadarsa, giram 385 ne. Sony WH-1000XM4 giram 254, WH-CH720N kuma 192. Daga wajen 250 zuwa ƙasa wuya ba ya gajiya da wuri. Sai zafi. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, ana sama da digiri 40, ka rufe kunnenka da ledar da aka yi wa kamar fata, minti 20 gumi ya taru. Gumin nan ne ke sa ta fara ɓarewa, ka cire hedifon ka ga baƙin ɓurɓushi a kunne da wuyan riga. Soso mai yadi ya fi sanyi amma yana sakin bes, to a nan dole mutum ya zaɓa. Ni dai ina tare da mai ledar, a riƙa goge shi da ƙyalle bayan an cire, kar a bar shi a mota cikin rana. Babbar tambayar da ba ma yi ita ce: soson nan yana cirewa? Ana samun wani? Don soso ne ke fara mutuwa, ya lotse, bes ya tafi, mutum ya ɗauka sifika ce ta lalace ya yar da abu mai rai.

Mai waya ko bulutut? In kuɗin kaɗan ne ƙwarai, ni mai waya zan ce. Kuɗin bulutut ana raba shi ne tsakanin batir da na'urar haɗi da makirfo da sifika, na mai waya kuwa kusan duka a sauti da jiki yake tafiya. Ba ruwansa da caji a garin da wuta ke yin kwana biyu ba ta leƙo ba. Batir yana tsufa, waya in ta tsinke ana sake ta, musamman in mai cirewa ce. Ga kuma rediyon FM na cikin wayoyi da yawa, wanda igiyar ce eriyarsa, ba ta ba ya kamawa. Apple ya cire ramin iyafis tun iPhone 7 a 2016 wasu suka bi, amma yawancin Tecno da Infinix da itel da ke hannun jama'a suna da shi. Wanda ya fi son bulutut ya nemi mai hanya biyu, wanda in caji ya ƙare za a sa masa igiya, kuma ya gwada shi ta duka hanyoyin, don wasu in an kashe su aka sa igiya sautin ramewa yake yi. Masu sayen na situdiyo kuma su duba lambar om. Waya ta fi jin daɗin wajen 32. Beyerdynamic DT 770 Pro yana zuwa da 32 da 80 da 250, ka ɗauko na 250 ka sa a waya sai ka rantse ya lalace, alhali ƙarfin tura shi ne babu.

Batun suna, ga matsayata kuma na san wasu za su yi musu. Ƙaramin suna na gaskiya ya fi babban suna na jabu. In aka ce maka ga Beats ko JBL ko AirPods Max a kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na farashinsa ba, kai ma ka san amsar. Kuɗin da ya kamata a sa a sifika da soso an sa shi a kwaikwayon tambari da kwali. Oraimo, na kamfanin Transsion masu Tecno, yana da masu rufe kunne a farashin da talaka zai iya kaiwa. In aljihu ya ɗan fi haka akwai Soundcore na Anker, irin su Q20 da Q30, na biyun yana da manhaja mai ikwalaiza. Su ma waɗannan ana yin jabunsu, don haka in hedifon yana da manhajar kamfani, sauke ta ka haɗa shi tun kana shagon, jabu yawanci ba ya shiga. Landan yus kuma yana iya zama riba, amma ka sa a lissafi cewa batirinsa ya sha aiki kuma soson sai an sake.

Mai kashe hayaniya fa? Yana da amfani a kan ƙara mai tafiya bai ɗaya, irin rurin janareta ko injin mota ko fanka, kuma duk abin da ya rage hayaniya ya rage maka ƙara murya. Surutun mutane da kukan yara kuwa kaɗan yake taɓawa. Na araha sosai wani lokaci shuuu kawai yake ƙara maka. Kunna shi ba waƙa ka saurara kafin ka biya ƙarin kuɗi a kansa.

Sai dai toshewar nan da nake yabo tana da inda take zama haɗari. Hedifon ɗin da ya hana ka jin janareta zai hana ka jin hon, zai hana ka jin takun wanda ke bayanka. A garin da ake fama da ƙwacen waya, tafiya a lungu bayan magariba da ƙaton abu a kai sanarwa ce cewa akwai waya a aljihu kuma mai ita ba ya ji. Masu tuƙa babur da shi kuwa, don Allah a bari. Na ɗaki ne da ofis da doguwar tafiya in kana fasinja.

Ranar sayen, kar ka ji kunyar zama a bencin mai shago minti 10 ko 15 da shi a kanka, matsi ba ya nuna kansa a minti ɗaya. Ji hagu da dama ko ƙarfinsu ɗaya. Kira wani ka tambaye shi ko yana jinka. Duba gaɓar da kofi ke haɗuwa da madauri, nan ne masu naɗewa ke karyewa, in roba ce siririya tana ƙara ƙas ƙas tun sabuwa, ajiye. Sannan ka karɓi rasit mai sunan shago da kwanan wata da lambar samfurin, a rubuta kwana nawa ne garanti. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba ka damar mayar da kayan da aka sayar maka da aibi, amma in babu takarda a hannunka, gobe ka koma yaron da ya sayar maka an ce ya tafi Legas sari.